Hawan Biyu da Sisi da Mutum Bakwai a Mota

Wata Juma'a bayan la'asar na je gaida Hajiya mahaifiyata, na tarar ta ajiye waya tana goge ido da gefen mayafi. Kawu ne ya kira daga Nguroje. Ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, fatauci ya kai shi tsaunin Mambila tun ban yi wayo ba, ya yi aure a can, ya tara 'ya'ya da jikoki. Da yakan zo Kano duk bayan shekara biyu ko uku, amma tun da ciwon suga ya taɓa masa ido ya daina doguwar tafiya. Rabonsu da juna shekara 11. Ta ce, "Murya kawai nake ji. Zumunta kuwa a ƙafa take." Na fito zaure na tsaya ina kallon motata a ƙofar gida, sannan na koma ciki na ce, "Hajiya, ku fara shiri. In yara suka yi hutun Disamba ni da kaina zan kai ku."

Motar Toyota Sienna ce ƙirar 2006, irin wadda ake haɗawa a jihar Indiana ta Amurka, na saye ta a 2020 bayan ta gama yawonta a can. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.3, giyarta otomatik mai hawa biyar, kujera bakwai. Kafin ita shekara goma na yi da ƙaramar mota manuwal, kuma ba sha'awar babbar mota ce ta sa na rabu da ita ba. Duk Sallah sai na yi sawu biyu kafin in kwashe iyali zuwa gidan Hajiya, yara a kan cinyar manya, ga Hajiya da ciwon gwiwa, shiga ƙaramar mota sai ta sunkuya tana cije leɓe. A Sienna ƙofar gefe ja ake yi ta zuge gaba ɗaya, dandamalin ba shi da tsayi, ta ɗaga ƙafa kaɗan ta zauna kamar a kujerar falo. Ranar da ta fara shiga ta ce, "Wannan kam ta san da tsofaffi," na san kuɗina ba su tafi a banza ba.

An yi ta ba ni tsoro kafin in saya. Wani ya ce shan manta sai mai rijiya, wani ya ce in giyabos ya lalace rabin kuɗin motar ne, wani ya ce ranar da batir ya mutu ba mai tura maka ita ta tashi. Duk akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya taɓa shiga cunkoson Kurna ko na Sabon Gari da yamma yana taka kuloci har ƙafar hagu ta yi tsami, ya san abin da otomatik ta ɗauke masa. Shekara uku ina tuƙa ta a cikin gari da hanyar Kaduna, abin da na sani uku ne: P in na tsaya, R in zan yi baya, D in zan tafi. Sauran lambobin da ke ƙasan D, wato 4 da 3 da 2 da L, ina ganinsu kullum a jikin dashbod inda sandar giyar take, ban taɓa kai hannu gare su ba.

Mako guda kafin tafiya na kai ta garejin bakanikena. Da ya ji inda za mu sai ya ajiye sifana ya ce, "Alhaji, Mambila fa ka ce? To yau motar nan kwana za ta yi a wajena." Ya tayar da ita ya bar ta ta yi ɗumi, ya zaga da sandar giya kowane gurbi, ya mayar P, sannan ya zaro sandar awon man giya injin na aiki, ya goga a farar takarda. Man ya yi duhu, ya tashi daga ja zuwa ruwan ƙasa, amma bai yi ƙauri ba. Ya nuna mini rubutun da ke jikin sandar, T-IV, ya ce shi ne irin man da giyar nan take sha, kada in yarda wani ya zuba mini ko wane jan mai don kawai ja ne. Ya ce a motar otomatik man giya ba santsi kaɗai yake ba ƙarafa ba, shi ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ne kuma yake matse farantan da ke canza ta. In ya ƙone, giyar ce ta ƙone. Muka tsiyaye muka zuba sabo.

Ya zuƙe man birki ya sake, don a cewarsa man birki yana shan danshi, in ya tsufa kuma ya ji zafin gangara sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Ya duba tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita juyawar sassan inji, wanda a irin wannan injin ake canzawa duk mil 90,000, kusan kilomita 145,000 ke nan, ya ga saura da nisa. Abin da na fi gode masa a kai shi ne tamostat, ɗan abin nan da ke tare ruwan inji har sai injin ya yi ɗumi. Bakanikai da yawa a ƙasar nan da mota ta iso suke cire shi, su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu zafi gare ta. Shi tun ranar farko ya ƙi, ya ce wanda ya ƙera injin ya san da zafi. A ƙarshe ya sa ni na durƙusa da kaina na koyi sauko da safaya, wadda a Sienna take maƙale a ƙarƙashin mota ta gefen dama, ana kwance ta da wani noti da ke ɓoye ƙarƙashin kafet kusa da ƙofar gefe. Shekara uku ban san inda take ba. Da muka sauko da ita babu iska ko kaɗan.

Sai lissafin mai. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, zuwa Disamba ta haura 600. Tankin motar ya haura lita 70, kuma da kaya da mutane ba na samun fiye da kilomita takwas a lita. Maman yara ta zauna da biro da takarda ta kwatanta da kuɗin motar haya na mutum bakwai zuwa da dawowa, da sauka da hawa a tasha huɗu, da dakon kaya. Ta ɗago ta ce, "Maigida, ko da ta fi tsada, Hajiya ba za ta iya zaman mutum huɗu a kujera ɗaya ba." Maganar ta ƙare a nan.

Mun tashi bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari. Ƙanena a gaba kusa da ni don mu riƙa karɓar juna, Hajiya da maman yara a kujeru biyun tsakiya, yara uku a baya. Ramin da ke bayan kujerar ƙarshe ya haɗiye akwatuna, da jarkar man gyaɗa, da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, da kilishi, da turamen atamfa na matan Kawu. Muka haye gadar Wudil, muka bi ta Kwanar Huguma, Birnin Kudu, Gwaram, Darazo, Dukku, kafin la'asar muna Gombe. Wannan ranar babu abin da motar ta nema a wajena sai riƙe sitiyari. Hajiya ta kwantar da kujerarta ta yi barci tun daga Birnin Kudu, carbi a hannu. Muka kwana gidan 'yar uwar maman yara.

Kwana na biyu ne ya fara nuna mini iyakarta. Daga Gombe zuwa Kumo da Billiri da Kaltungo yara suna ta nuna dutsen Tangale da ya miƙe shi kaɗai kamar an dasa. Muka gangara ta Cham, muka ratsa gonakin raken kamfanin suga, muka haye gadar Numan, garin da kogin Gongola yake zuba a Binuwai. Daga nan zuwa Jalingo hanya ta lalace ƙwarai a lokacin. Sienna doguwa ce, mai nauyi, nauyinta ya kusa tan biyu ba kowa a ciki, cikinta kuma kusa da ƙasa yake, ga mutum bakwai da kaya sun ƙara danne bayanta. Ramin da Hilux take faɗawa ta fita ba ta ji ba, ni sai na tsaya na karanta shi, in shiga a karkace taya ɗaya bayan ɗaya. A nan otomatik ta yi mini rana, don da ka ɗaga ƙafa daga birki take rarrafawa da kanta a hankali, ba wasan kuloci, ba mutuwar inji a tsakiyar rami. Duk da haka sau ɗaya na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, gwaram, har auta ta fashe da kuka. Muka tsaya, ƙanena ya kwanta ya leƙa da fitilar waya, ya shafa ƙasan inji da na giyabos ko zai ji danshin mai. Salansa ce ta gogu, ba abin da ya huje. Daga nan duk wuri mai muni sai shi da babban ɗana su sauka su taka, motar ta ɗan ɗago, in wuce su shigo. Mun shiga Jalingo rana ta yi ja.

Washegari muka cika tanki taf, muka kama hanyar Garba Chede da Bali, inda aka haye kogin Taraba wanda jihar ta ci sunansa da aka cire ta daga tsohuwar Gongola a 1991. Ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suka yi tsayi, duwatsu suka matso. Muka yi azahar a Serti, hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a Najeriya, kuma ta can ɓangaren iyaka da Kamaru ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a ƙasar, mita 2,419. Daga Serti zuwa Mayo Selbe ba nisa. A Mayo Selbe ne za ka ɗaga kai ka ga bango ya tare gabanka, ka tambayi kanka ta ina mota za ta bi.

Manyan motoci sun jeru a gindin dutsen, bonet a buɗe, yaran mota suna ɗura ruwa a lagireto. Na tsaya sayen ayaba, sai wani dattijon direba da ke shan shayi a kan benci ya dubi lambar motata ya ce, "Alhaji, daga Kano? Ka taɓa hawa?" Na ce wannan ne farko. Ya taso da kofinsa ya leƙa ta taga, ya gaida Hajiya da girmamawa, sannan ya nuna sandar giya. Ya ce, "Kada ka bar ta a D. Ka sa 3, in hawa ya yi tsanani ka sauko 2. Ka kashe esi, ka sa ido a kan allurar zafi. In ka tarar da babbar mota tana nishi a gabanka, ka ba ta tazara, kada ka manne mata, don tana iya dawowa da baya. In dole ta sa ka tsaya a tudu, ka riƙe ta da birki, kada ka riƙe ta da totur." Na tambaye shi dalili, tunda ai an ce ita take zaɓar giyarta. Ya ce, "Tana zaɓa, amma ba ta ganin kwanar da ke gabanka. Kai ne mai ido."

Na fahimci maganarsa a kwanar hanya ta uku da fara hawa, don na so in gwada da D tukuna. Da na sassauta totur zan sha kwana sai ta ɗauka hanya ta miƙe, ta haye babbar giya. Ina fitowa daga kwanar hawa ya tsaya a gabana, na taka, ta yi jim, sannan ta zabura ta sauko da ƙarfi har kowa ya yi gaba ya dawo. Ta yi haka sau uku a ɗan taƙi. Kowace irin wannan kai da kawowa zafi take ƙara wa man giya, shi kuwa man a lagireto ɗaya yake hucewa da ruwan inji, zafin wannan yana taɓa wancan. Na ja sandar zuwa 3, daga baya 2. Nan take ta nutsu. Inji ya ɗaga murya ya tsaya a kanta, allurar juyi tana wajen 3,000, motar tana hawa da ƙarfi ɗaya ba fizga.

Hanyar siririya ce, ta nannaɗe jikin dutse kamar rawani. Dama bango, hagu kwazazzabo wanda ba ka ganin ƙarshensa, wani wuri kuma su sauya gefe. Kafin kowace makauniyar kwana sai na danna oda. Kunnuwanmu suka toshe, maman yara ta raba wa yara alewa su tsotsa. Na ji motar ta ɗan rage kuzari da muka yi sama, wanda ba laifinta ba ne, iska ce take yin shakaf a tudu, inji kuma da iska yake ƙona mai. A wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi muka tarar da wata motar katako ta tsaya an dosa mata duwatsu a taya, muka jira aka ba mu hannu muka raɓa ta. Daga baya Kawu ya ce abin da suka ji daga manya shi ne, sule biyu da sisi ake biyan ɗan dako ya hau da kaya wurin kafin mota ta fara zuwa, sunan ya bi shi. Duk tsawon hawan ba wanda ya yi magana sai Hajiya da ke maimaita hasbunallahu a hankali. Allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba.

Sai kawai dutsen ya ƙare. Muka fito wajen Maisamari, duniya ta buɗe: tuddai masu laushi ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, ciyawa ta soma bushewa ta yi ruwan zinariya, jajayen shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo a cikin shinge, layukan itacen zaiti a bakin kowane ƙauye. Tudun nan ya kai wajen mita 1,600 daga doron teku. Na sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo kamar an buɗe firiji. Babban ɗana ya ce, "Abba, nan ma Najeriya ce?" Na ce masa ita ce, amma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 wannan yanki ya zaɓi zama a cikinta, don a da yana cikin Kamarun da Ingila take riƙo, da ya shigo aka sa wa lardin sunan Sardauna Ahmadu Bello, sunan da ƙaramar hukumar take amsawa har yau.

Mun isa Nguroje ana kiran magariba. Kawu yana zaune a ƙofar gida cikin rigar sanyi da hula mai rufe kunne, an ce tun azahar yake wurin. Na zuge ƙofar gefe, Hajiya ta sauko da kanta ba wanda ya riƙe ta. Bai gan ta sosai ba, muryarta ya ji, ya miƙe yana laluben iska yana cewa, "Yaya? Yaya, ke ce?" Ta kama hannunsa biyu, ta kira shi da sunan da ba wanda ya kira shi da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Na koma bayan mota na buɗe but na daɗe ina sauke kaya.

Kwana shida muka yi. Gidan Kawu a kan gangara yake, sai na riƙa bin abin da bakanikena ya koya mini: in taka birki, in danna birkin ajiya wanda a Sienna feda ce ta ƙafar hagu, in bar nauyin motar ya zauna a kansa, sannan in sa P. In ka fara sa P a gangara, duk nauyin yana komawa kan wani ɗan ƙarfe a cikin giyabos, da safe sandar ta ƙi fita sai da ƙara. Da asuba raɓa takan jiƙe gilashi, sanyi har ƙashi. A nan na fara kunna hita tun da na sayi motar, kuma ta kawo ɗumi cikin 'yan mintuna saboda tamostat ɗin nan da ba a cire ba. Hajiya da Kawu suka mayar da motar ɗakin hira, mu ɗauke su mu zaga, su biyu a kujerun tsakiya suna tuna mutanen unguwarsu da suka riga mu gidan gaskiya. Mun je Kakara mun ga gonar shayi, ganye kore shar an aske shi daidai kamar kan yaro ranar Sallah, inda ake yin shayin Highland. Mun je Gembu ranar da Kawu ya ce lallai sai Yaya ta ga kasuwa. Tsofaffin Land Rover ne ke shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ni kuwa duk inda kwalta ta ƙare nan nake juyawa, don motar tayun gaba ne kawai suke ja.

Rana ta huɗu da safe na murɗa makulli, sai ƙas ƙas ƙas. Yara sun yi wasa a ciki da dare sun bar fitilar rufi a kunne, sanyi ya ƙarasa batir. Kafin in ce wani abu samarin gidan sun taru a baya, ga gangara a shirye, suna cewa, "Yaya, saki birki mu tura." Na ce musu wannan ba ta tashi da turi, don babu kulocin da zai haɗa taya da inji, mai ne a tsakaninsu, kuma sai inji ya juya famfon giya yake aiki. In ta gangara a mace ma birki da sitiyari duk tauri za su yi. Wani maƙwabci ya kawo motarsa, na ɗauko wayar haɗa batir da ke ƙarƙashin kujera tun Kano, ja a kan ja, baƙi a jikin ƙarfen inji, bugu ɗaya ta tashi.

Saukowa ce ba na son tunawa, amma ita ce dalilin wannan rubutu. Mun yi sallama da kuka, an cika mana but da dankalin Turawa da fiya da ayaba da zuma da kwalayen shayi, motar ta fi yadda ta zo nauyi. Daga bakin gangara na sa 2 kamar yadda dattijon ya ce, inda ya yi tsanani in sa L. Inji yana kuka sama da 3,000, yana riƙe motar da kansa, ni kuwa sai dai in taka birki da ƙarfi kafin kwana in sake shi ya sha iska. Haka muka yi rabin hanya lafiya lau. Sai muka zo wani wuri da ya ɗan miƙe, kukan injin ya dame ni, na ji kamar ina wahalar da shi, na mayar D. Motar ta yi shiru, ta saki jiki, ta fara gudu. Gangara ta dawo ban lura ba, kwana na bin kwana, hankalina duk yana kan hanya, ƙafata ta zauna a kan birki ba ɗagawa. Ban san minti nawa na yi a haka ba. Ƙanena ne ya fara cewa, "Yaya, ka ji ƙauri?" A kwana ta gaba na taka na ji fedar ta yi nisa, motar ba ta kama kamar da ba.

Na ja sandar zuwa 2, ta yi gunji ta rage, na ƙara ja zuwa L. Allah ya kawo wani ɗan fili a gefen bango, na raɓa na tsaya. Muka sa duwatsu a tayu. Tayun gaba suna fitar da hayaƙi siriri, wari kamar an ƙona roba da gashi, ko kusa da wil ba ka iya kai hannu. Wani ɗan acaɓa ya tsaya da kyakkyawar niyya ya ce a kwara ruwa, ƙanena ya hana, don ruwan sanyi a kan faranti mai zafi yana lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Muka zauna a bakin hanya kusan minti arba'in. Na kalli motar, na kalli kwazazzabon da ke gaban kwanar, na kalli uwata da matata da 'ya'yana uku suna zaune a kan dutse suna ɓare ayaba, jikina ya kama rawa. Hajiya ta lura. Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba, ta ce, "Zo ka zauna, ka sha ruwa. Sannu ba ta hana zuwa."

Tun daga ranar nake gaya wa duk mai irin wannan mota abin da na gani. Kukan inji a ƙaramar giya ba ciwo ba ne, aikinsa yake yi, kuma a gangara in ƙafarka ba ta kan totur kusan ba ya shan mai. Birki kuwa gudu yake mayarwa zafi, kuma akwai iyakar zafin da zai iya ɗauka, balle a mota mai nauyin tan biyu da ɗoriya. Masu sa N, wato su fitar da mota daga giya, a gangara don tsimin mai sun fi kowa shiga haɗari, don sun raba motar da injin da zai riƙe ta, sun bar wa birki shi kaɗai. Sabon man birkin da aka zuba a Kano, ina kyautata zaton shi ya sa fedar ba ta tafi ƙasa gaba ɗaya ba.

Da birkin ya huce na gwada shi sau uku a filin, ya dawo da ƙarfinsa. Muka ƙarasa sauka da 2 da L, manyan motoci ma sun fi mu sauri a wasu wuraren, ban damu ba. A Mayo Selbe na nemi dattijon a wajen mai shayi, aka ce ya yi lodi ya hau tun safe. Na bar masa kwalin shayi da kuɗin kofi biyu a hannun mai shayin.

Kwana uku muka yi a hanyar dawowa kamar yadda muka zo. Washegarin isowarmu na kai ta gareji. Bakanikena ya cire tayun gaba ya zaro takalman birki ya miƙo mini: fuskarsu ta yi ƙyalli kamar gilashi, gefe ya tsattsage, farantan sun yi shuɗi-shuɗi. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, a D ka sauko." Na ce wani ɓangare. Ya canza su, ya sake zuƙe man birki, sannan ya zaro sandar man giya ya goga a takarda. Ja ne tas, ba ƙauri.

Da yamma na biya gidan Hajiya na tarar tana ƙulla ganyen shayi da dankali a leda ana kai wa maƙwabta, waya a kunne tana ba Kawu labarin hanya. Da ta gama ta ce jikarsa ta fari za a aurar bayan Babbar Sallah, kuma ta riga ta ce masa za mu zo. Lokacin damina ta sauka a Mambila, hanya da santsi da hazo. Na fito na duba tayun gaba da fitilar waya, na ga zanensu ya fara shafewa, na kira wani abokina a kasuwar Ƙofar Ruwa na ce ya tambayo mini kuɗin sababbi guda huɗu.